Zauren masu tayar da tsofaffin motoci na Kumasi: sauya bolti da bushin ƙafafun motar haɗi

Abdul-Basit, Aboabo:
Assalamu alaikum, iyayena da yayyena. Ina neman shawararku a kan ƙaramar motar nan da nake tayarwa a garejin Masta Isa a Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi. Ga waɗanda ba su gan ta ba, mai kujera biyu ce marar rufi, irin wadda ake sayen sassanta a warwatse mutum ya harhaɗa da hannunsa, an kuma yi ta ne a kan fasalin Lotus Seven, motar da Colin Chapman ya fitar a Ingila a 1957. Daga Holan aka shigo da ita ta tashar Tema, ta daɗe a ajiye ƙarƙashin tamfol kafin ta zo hannuna. Shasinta na bututun ƙarfe ne mai kusurwa huɗu, aksul ɗin baya na Ford Escort ne, gwiwoyin ƙafafun gaba kuma na Ford Cortina. Inji ya tashi, an gama da birki, aikin ƙafa ne ya rage. Na ƙirga boltin da ke riƙe da ƙafafun a jikin shasi na samu 26: takwas a hannuwan gaba na sama da na ƙasa, takwas a shokozoba huɗu, takwas a sandunan da ke riƙe da aksul ɗin baya, sai biyu a sandar da ta gitta don hana aksul zamewa gefe. Duk sun yi tsatsa, robobin bushi, waɗanda bolti ke ratsawa a kowace mahaɗa, sun tsattsage, wasu boltin kuma sun ƙi fita ko da guduma. Niyyata in sayi bolti M12, wato mai kaurin milimita 12, na sitenles in sa ko'ina, tunda ba ya tsatsa, ga shi kuma da kyan gani a motar da ƙafafunta na gaba suke a fili. Kafin in kashe kuɗi ina so in ji ta bakin waɗanda suka riga ni.

Masta Isa, Suame:
Wa alaikumus salam. Basit, na faɗa maka a gareji, zan kuma maimaita a nan don wasu su amfana: kada ka sayi komai sai ka auna. Sifana mai lamba 19 ta kama kan boltin, shi ya sa ka yanke cewa M12 ne. To, boltin rabin inci ma faɗin kansa inci uku bisa huɗu ne, wato milimita 19.05, saboda haka sifanar 19 tana zama a kansa daram, ba za ta gaya maka komai ba. Motocin haɗi da aka zana a Ingila cakuɗe suke, wani wuri awon inci, wani wuri awon milimita, gwargwadon motar da aka ciro sashen daga jikinta da kuma abin da mai haɗin ya samu a hannunsa. Kaurin boltin rabin inci milimita 12.7 ne. Idan ramin na rabin inci ne ka zura M12, ka bar wasa na milimita 0.7 a mahaɗar, kuma a irin ramukan hanyoyinmu wannan wasa ne zai riƙa cin kunnen shasi, wato farantin da boltin ke ratsawa, a hankali har ramin ya koma siffar ƙwai. Ka ɗauki baniya, wato ma'aunin kauri mai baki biyu, ka auna abu uku a kowace mahaɗa: kaurin boltin a wurin da babu tiredi, ramin kunnuwan shasi biyu, da ramin bututun ƙarfen da ke tsakiyar bushi. Ka rubuta su a takarda da sunan wurin, domin ba lallai na hagu ya yi daidai da na dama ba a motar da ta bi ta hannaye da yawa.

Injiniya Nasiru, Obuasi:
Ina goyon bayan Masta, ina kuma so in tsaya a kan batun sitenles, domin nan ne hatsarin yake. Lambar da ke kan bolti ba ado ba ce. Idan an rubuta 8.8, lambar farko tana nufin ƙarfen yana jure ja har MPa 800, a awon ƙarfin ƙarfe, kafin ya tsinke, ta biyu kuma tana nufin yana fara miƙewar da ba ta komawa a kashi 80 cikin ɗari na wannan, wato 640. Na 10.9 yana kaiwa wajen 1000, miƙewarsa kuma tana farawa wajen 900. Sitenles ɗin da ya cika shagunanmu, mai alamar A2-70, yana tsinkewa a 700, amma tun daga 450 yake fara miƙewa. Ma'anar wannan ita ce ba za ka iya ɗaure shi da ƙarfin da mahaɗar take buƙata ba tare da ka fara ja masa tsawo ba, bolti kuwa in ya miƙe ɗaurinsa ya saki ke nan. Akwai A4-80 da ya fi shi, amma shi ma daga 600 yake fara miƙewa, bai kai 8.8 ba, ga tsada, ga kuma halin sitenles na cije notinsa idan ana ɗaurewa a bushe har sai an yanke shi da zarto. Ka ajiye sitenles don murfin taya da allon lamba da fitilu.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne boltin ƙafa ba sanda ba ce da hannun ƙafa yake juyawa a kanta. Aikinsa ya matse kunnuwan shasi biyu a kan bututun tsakiyar bushi har su zama abu guda, ta yadda nauyin zai bi ta matsin, motsin kuma ya tsaya a cikin roba. Duk lokacin da ka ciro tsohon bolti ka ga jikinsa ya yi sheƙi ko ya yi ƙugu a wuri guda, to ya daɗe yana wasa, ɗaurin ya riga ya mutu tun kafin tsatsa ta zo. Don haka 8.8 shi ne mafi ƙanƙanta da zan yarda da shi, 10.9 kuma ya wadatar ko'ina a irin wannan mota. A awon inci, na Amurka mai zane uku a kai ya yi kusa da 8.8, mai zane shida kuma ya yi kusa da 10.9, na Ingila kuwa za ka ga harafin S a kansa. Ban ba ka shawarar 12.9 ba. Ƙarfinsa ya fi, amma taurinsa ya yi yawa ga wurin da ake dukansa dare da rana cikin ruwa da laka, musamman wanda aka yi wa rufin zinki ta hanyar lantarki, domin iskar haidirojin tana iya shiga ƙarfen a lokacin rufin ta sa ya karye farat ɗaya ba tare da ya lanƙwashe ya yi gargaɗi ba.

Baba Tanko, Asawase:
Injiniya, Allah ya ƙara ilimi, duk abin da ka faɗa game da lamba haka yake, amma ka yi magana kamar duk abin da aka buga wa 8.8 a kai 8.8 ɗin ne. Ni da idona na ga sabon bolti fil, mai sheƙi, mai lamba a kai, na damƙe shi a bayis na buge shi da guduma ya kwanta ba gardama. Tun ina yaron gareji muke fama da batun bolti a Magazine. A shekarun 1970, lokacin da kayan waje suka yi wuya, jami'ar kimiyya da fasaha ta nan Kumasi ta shiga ƙera bolti da noti don masu haɗa bodin katako na manyan motoci, daga baya kuma a 1980 ta buɗe cibiyar koyar da fasaha a cikin Suame, inda yaranmu da yawa suka koyi injin sassaƙar ƙarfe. Wannan ya taimaki sana'a ƙwarai, sai dai boltin bodin katako daban, boltin ƙafa daban. Har gobe akwai masu injin da za su sassaƙa maka bolti daga sandar rodi cikin ɗan lokaci, su yanka masa tiredi mai kyau, amma ƙarfen mai laushi ne, tiredin da aka yanka kuma ba ya jure girgiza kamar wanda masana'anta ta murza. Ni shawarata ga yaron nan ya je wurin masu yanka motocin da aka shigo da su daga Turai da Japan, ya tsinci boltin ƙafa na asali waɗanda kamfanin mota ya sa da kansa. Tsoho ne, amma na san uban da ya haife shi.

Injiniya Nasiru:
Ranka ya daɗe, Baba, ban musa ba cewa boltin asali na kamfani ya fi jabun sabo nesa ba kusa ba. Abin da ke damuna da tsohon shi ne ba mu san abin da ya gani ba. Yawancin motocin da ake yankawa haɗari ne ya kawo su, boltin ƙafa kuma shi ne farkon wanda ke shan dukan. Bayan haka, motocin zamani da yawa, musamman na Jamus, ana ɗaure boltin ƙafarsu ne har ya miƙe da gangan, a ɗaure zuwa wani awo sannan a ƙara juya shi wata kusurwa, kuma littafin kamfanin da kansa yana cewa a jefar da shi in an kwance. Ido ba ya rarrabe wanda ya miƙe da wanda bai miƙe ba sai an zura sabon noti an ji ya cije a tsakiya. Sannan boltin Japan na M12 galibi tiredinsa ƙanana ne, tazarar haƙoransa milimita 1.25, alhali notin da ake samu a kasuwa mai tazarar 1.75 ne, akwai kuma na 1.5 a motocin Turai. Wanda bai sani ba zai tilasta noti da dogon hannu ya ɗauka ɗauri ne ya kama.

Baba Tanko:
Na ji, na kuma karɓi maganar waɗanda ake miƙarwa. Amma in ya rasa sabo mai asali, ya ɗauki tsoho tare da notinsa daga motar da ba ta daku ta ƙafa ba, ya mirgina shi a kan gilashi ya ga ko ya karkace. Ban janye wannan ba.

Hajiya Ladi, Abossey Okai, Akara:
Sannunku da ƙoƙari. Tunda kasuwa aka shigo, bari in sa baki, domin wannan kaya nake sayarwa. Baba ya yi gaskiya, akwai jabu, amma mai kyau ma yana nan ga wanda ya san abin da zai tambaya. Bolti na gaskiya, bayan lambar ƙarfi, yana ɗauke da tambarin masana'antar da ta yi shi a kansa, haruffa biyu ko uku ko wata alama, kuma rubutun a tsaftace yake. Wanda ka ga lamba kawai babu tambari, ko ka ga babu komai, ka ajiye shi. Ka nemi mai shago ya nuna maka kwalin da kayan suka zo a ciki, ka sayi guda ɗaya fiye da buƙata ka kai gareji a gwada shi da magagari da bayis kafin ka biya sauran. Wuraren da na fi amincewa da su su ne masu sayar wa motocin tona ƙasa da taraktoci da ma'aikatun haƙar zinariya, domin abokan cinikinsu ba sa yafe kaya marar kyau. A wurinsu ne kuma za ka fi samun awon inci, sai dai ka kula, na manyan injuna yawanci tiredinsa manya ne, rabin inci mai haƙori 13 a inci ɗaya, motocin Ingila kuwa sun fi amfani da ƙananan tiredi na UNF, haƙori 20 a inci ɗaya. Notin wannan ba ya hawa wancan. Masu kayan tsofaffin Land Rover da taraktocin Massey Ferguson sun fi kowa sanin UNF a ƙasar nan, a nan Akara da can Suame duka. Ɗana Basit, in ka gama awo ka turo mini tsawon kowanne, in duba abin da ke akwai a nan, abin da babu kuma ka nema ta hannun masu zuwa Ingila, domin bolti 26 ba nauyi ba ne a jaka.

Awudu mai walda, Suame:
Kafin a kai ga saye, akwai waɗanda suka ƙi fita, kuma na ga ana dukansu da guduma jiya da na wuce. Ku daina, don Allah. Kunnuwan shasin nan faranti ne na wajen milimita 3, an liƙa su a bututun da kaurin bangonsa bai wuce milimita 1.6 ba, duk dukan da aka yi wa boltin kunnen ne ke shan sa, yana buɗewa yana jan waldar. Abin da ya faru shi ne tsatsa ta haɗe boltin da bututun tsakiyar bushi, shi ya sa za ka ga kana juya kan boltin yana juyawa tare da bututun a cikin roba ba ya fitowa. Ka zuba man sassauta tsatsa ka bar shi ya kwana. In bai saki ba, ka zura ruwan zarton ƙarfe a siririn tsakanin nan da ke tsakanin kunne da bushi, ka yanke boltin ta gefe biyu, hannun ƙafar ya faɗo da kansa, sannan a fitar da bushin a injin matsi a kan tebur. Wuta ba ta da amfani sosai a nan domin roba ce za ta kama, ga tankin mai a bayan irin wannan mota kusa da sandunan aksul. Kuma kada a kwance boltin shokozoba alhali sifirin yana ɗauke da nauyi, a ɗora shasi a kan ƙafafun ƙarfe tukuna, ba a kan jak kaɗai ba, ba kuma a kan bulo ba.

Idan an cire komai, a kankare fentin da ke gindin kowane kunne har ƙarfe ya fito fari. A shafa kananzir a bar shi ya ɗan jima, a goge tas, a barbaɗa garin alli. In akwai tsaga, kananzir ɗin da ya shige ciki zai dawo ya zana siririn layi mai duhu a jikin allin. Tsohuwar dabara ce, amma tana nuna abin da ido ba ya gani, kuma na fi samun tsagar a ƙarshen layin walda, inda kunnen shokozoba na sama ya haɗu da bututu.

Abdul-Basit:
Na gode ƙwarai, na ajiye batun sitenles. Mun yi awon yau da Masta. Hannuwan gaba da shokozoba duk rabin inci ne mai ƙananan tiredi, ramukansu kuma lafiya lau. A baya ne matsalar take. Wani ya taɓa sa M12 mai tiredi tun daga kai har ƙarshe a sandunan aksul na hagu, ramukan kunnuwa biyu sun yi tsawo har ana ganin haske ta gefen boltin, tiredin ma ya bar sawunsa a jikin ramin. Yaya Awudu, a huda su a faɗaɗa zuwa M14, ko a cike su da walda? Sannan wane irin bushi zan sa, na roba ko na roba mai tauri ɗin nan masu launi?

Awudu mai walda:
Kada a faɗaɗa. In ka koma M14 sai ka sauya bututun bushi, naman da ya rage a gefen kunnen kuma ya yi kaɗan. Cike rami da walda a sake hudawa ma ba na son sa, domin waldar tana da tauri a wani wuri da laushi a wani, bakin injin huda zai zame ya bi inda ya fi sauƙi, ramukan biyu su saɓa. Abin da nake yi shi ne a sassaƙa washa mai kauri da rami daidai milimita 12.7, a zura sandar ƙarfe madaidaiciya ta ramukan biyu tare da bututu a tsakiya don kada kunnuwan su rufe da zafi, a ɗiga walda, a duba, sannan a zagaye. In kunnen ya tsage ko ya cinye da yawa, a yanke shi a yi sabo gaba ɗaya, a auna daga na dama don aksul ya zauna daidai. Ka tuna washar za ta ƙara wa boltin wurin tsawo, saboda haka kada ka tura wa Hajiya awo sai na gama.

Injiniya Nasiru:
Abin da ka gani a ramin nan shi ne dalilin da ya sa ba a sa bolti mai tiredi duka a ƙafa. Jikin M12 inda babu tiredi faɗinsa murabba'in milimita 113 ne, inda tiredi yake kuwa wajen 84 ne ke aiki, kashi ɗaya cikin huɗu ya tafi, ga haƙoran suna gurzar ramin. Dole santsin jikin boltin ya ratsa kunne na farko da bututun, ya shiga kunne na biyu, tiredin ya fara daga can. Da wuya ka samu wanda ya zo daidai haka a shago, domin M12 na yau da kullum yana zuwa da tiredi mai tsawon milimita 30, na inci ma kusan haka. Dabarar ita ce ka zaɓi bolti bisa tsawon santsinsa, ko da ya fi buƙata tsawo, ka sa washa mai tauri ɗaya ko biyu ƙarƙashin noti don kada notin ya ƙure a ƙarshen tiredi kafin ya matse, sannan ka yanke rarar ka bar haƙori biyu ko uku a bayan notin. Wannan ƙurewar tana yaudarar mutane sosai: sifana ta nuna ya ɗauru, alhali notin ƙarshen tiredi ya kama, bututun yana nan sako-sako. Washar kuma ta zama mai tauri, domin mai laushi tana lotsawa ƙarƙashin 10.9. Washa mai tsaga da muke kira ta sifirin ba ta da aiki a nan, tana miƙewa tun kafin ɗauri ya kai rabi.

Garba, Tafo:
Yaya Basit, a kan bushi ina da ɗan abin faɗa, domin na gwada mai taurin a tsohuwar Beetle ɗina. Shi ba ya murɗewa kamar roba, juyawa yake a kan bututun tsakiya, don haka yana son giris na silikon, kuma bututun dole ya ɗan fi bushin tsawo kaɗan domin bolti ya matse ƙarfe, ba bushi ba. In aka yi daidai, hannun ƙafar zai sauka a hankali da nauyinsa idan an ɗaga shi an saki. Sitiyari yana ƙara kaifi, wannan gaskiya ne. Amma da hunturu ya shigo, ƙura ta haɗu da giris ɗin, ƙugi ya fara, sai an riƙa kwancewa ana wankewa. Ga motar da za ta riƙa bin hanyar Mampong da ta Ejisu, ba filin tsere ba, ni da roba zan tsaya in an samu mai girman da ya dace. Mahaɗar ƙwallo ta tsere marar roba kuwa kada ma a kawo maganarta, jar ƙasarmu za ta cinye ta kafin damina ta zagayo.

Masta Isa:
Garba ya faɗi daidai, amma samun robar mai girman ramin hannuwan nan shi ne aikin. Masu yanka bushi daga tsohuwar taya suna nan birjik a Magazine, kuma suna fitar da taksi kunya, sai dai nasu ba a manne yake da bututun ciki ba, saboda haka ban yarda da shi a hannun gaba ba. In ba a samu roba ta asali ba, mai taurin ya fi. Duk wanda aka sa, akwai ƙa'ida ɗaya ga na roba da ba a tsallakewa: ba a ɗaure shi ƙarshe mota tana rataye. A zura bolti, a kama noti da hannu, a sauke motar a kan tayoyinta, a tura ta gaba da baya ta zauna, sannan a ɗaure. In ka ɗaure tana sama, da ta sauka robar ta riga ta murɗe, haka za ta zauna a murɗe har ta yage. Motar nan ba ta fi rabin tan da kaɗan ba, nauyin direba yana sauya zamanta, don haka za mu ɗora buhun siminti ɗaya mai kilo 50 da ɗan ƙari a kujerarka, mu sa mai rabin tanki, mu yi ɗaurin a bakin rami.

Injiniya Nasiru:
Ga awon ɗauri, in akwai takardar wanda ya zana shasin, ita ce gaba da komai. In babu, jadawalin da aka saba da shi yana ba M12 na 8.8 wajen Nm 85, a awon sifanar ɗauri, a bushe, M10 wajen 49, rabin inci UNF mai zane uku kuma wajen 115. Wannan iyakar boltin ce, ba ta bututun ba, don haka in bangon bututun siriri ne a tsaya ƙasa da haka kada bakinsa ya baje. A shafa giris mai jan ƙarfe a santsin boltin kaɗai don kada ya sake haɗewa da bututu, a bar tiredin a bushe, domin in giris ya taɓa shi awon sifana ɗaya zai ja boltin fiye da kima. Noti ya zama sabo mai zoben nailan, sau ɗaya ake amfani da shi, ƙarfinsa kuma ya dace da na boltin, mai lamba 8 ga 8.8, mai 10 ga 10.9. Wanda ke kusa da salansa a sa masa notin ƙarfe zalla mai matsattsen baki, domin nailan yana saki in zafi ya haura digiri 120. Bayan an ɗaure kowanne a ja layin fenti daga noti zuwa kunne, ta haka kallo ɗaya zai nuna wanda ya motsa.

Baba Tanko:
Ku duba ƙwallon saman gwiwar gaba tun da kun buɗe wurin. A irin waɗannan motoci masu gwiwar Cortina, yawanci kan sandar sitiyarin Ford Transit ake ɗaurawa a hannun sama, mai tiredin M18, kuma da shi ake saita kwanciyar taya. Transit ba baƙuwa ba ce a Suame, za a samu. A ƙirga haƙoran da suka fito kafin a kwance, a tabbatar kuma notin kullewa yana nan, in notin gindinsa mai tsaga ne a sa sabon fil, ba ƙusa ba. In an gama a kai ta wurin masu saitin ƙafa kafin a je gwajin DVLA, hukumar lasisin motoci, domin sabon bushi yana sauya tsayuwar taya ko da ba a taɓa komai ba.

Abdul-Basit:
Allah ya saka da alheri. Ga abin da na tsayar: rabin inci UNF mai zane shida ko uku a duk wuraren 26, sabbin noti masu nailan, washa masu tauri, Yaya Awudu ya gyara kunnuwan hagu, sannan in tura wa Hajiya tsawon santsin kowanne. Tambaya ɗaya ta rage. Tsofaffin boltin wasu kansu yana gaba, wasu yana baya, shin akwai bambanci?

Masta Isa:
Akwai. Wanda ke tsaye, kansa a sama, notinsa a ƙasa, wanda ke kwance a tsawon mota kuma kansa ya kalli gaba, domin ko noti ya ɓace boltin ya zauna a raminsa har a kai gida. Inda bututun shasi ko bodin ya tare hanya, kamar boltin baya na hannun ƙasa kusa da inji, a sa shi ta inda za a iya zare shi gobe ba tare da an sauke inji ba, a ƙara masa ɗigon Loctite, gam ɗin kulle tiredi, mai ruwan shuɗi. Ka zo da baniyar gobe bayan azahar, Awudu zai fara da kunnen sama.